Makau da Tashin Azahar

Malam Makau ɗan Bukkuyum ne. Lokacin da na dawo gida daga karatu, shi ke riƙe da ofishin wata ƙungiyar manoma a garin. Na riƙa zama wurinsa don in san abin da ya sa yake rufe ofis da azahar, alhali kowa sai la'asar.

Da tafireta ya fara aiki. Da kwamfuta ta zo ya koya, ya koya wa matasa da dama, amma duk wanda hannunsa ya faɗa sai ya tafi Gusau ko Sakkwato. Kowa ya ce albashi ne. Makau ya bi su yana tambaya, sai ya tarar hanya ce. Yawancinsu daga ƙauye suke zuwa a babur, kuma wanda ya kai la'asar a ofis shi kaɗai zai ratsa dajin da 'yan bindiga ke tarewa.

Aka wayi gari saura Mubina, 'yar ƙauyen Zugu, ita ma Innarta ta ce ta bar aikin. Makau bai nemi izinin kowa ba, ya mayar da buɗewa da sassafe, tashi da azahar, don ta bi ayarin babura masu komawa.

Ina zaune Alhaji Ɗanmusa, shugaban ƙungiyar, ya shigo a fusace.

"Makau, ofis ne wanga ko rumfar mai kunu?"

"Alhaji, mutum nawa munka koya ma aiki sunka tahi? Wagga kaɗai ta rage."

"A riƙe takardun karatunta, mu ga inda za ta!"

"Ba ni ɗaure ɗiyar mutane kamar akuya."

"To kujerarka hwa?"

Makau ya miƙe, ya tura masa kujerar. "Ga ta, ɗauka. Amma azahar na yi, Mubina na bisa babur."

Alhaji kuwa ya ɗauka. Aka mayar da Makau kula da sito, aka kawo wani daga birni, wanda bai daɗe ba hanyar ta kore shi. Ba a sami mai maye gurbinsa ba, dole aka damƙa wa Mubina ofishin. Yanzu har tana koya wa wasu 'yan ƙauyen Yargalma aikin.

Na tambayi Makau ko yana nadama. Ya dafa wani buhun taki yana dariya.

"Nadamar mi? Taki bai taɓa kawo mini takardar barin aiki ba."