Kwalbar kifi ta ƙona hular maigida

Jama'a, yau ruwa ya kusa ƙona mana gida! Ruwa fa na ce!

Kun san kifayen adon nan da na sayo a Zariya, cikin kwalba mai zagaye kamar tulu. Mai shagon ya ce in ɗauki akwatin gilashi mai faɗi, na ce zagayayyar ta fi kyau. Na ɗora ta a bakin taga.

Da hantsi ina shara sai na ji ƙauri. Na leƙa falo, hular maigidana da ya shanya kusa da kwalbar tana hayaƙi! Ba garwashi, ba ashana!

Surukata Hajiya ta ce, "A'uzubillahi! Mutanen ɓoye ne, dama ruwa gidansu ne."

Maigida kuma ya ce, "Hulata ta Juma'a! Kifin nan ba zai kwana gidan nan ba."

Na ce a dakata. Na hangi ɗigon haske daidai inda hular ta ƙone. Na sa busasshen ganyen rake a wurin. Wallahi sai hayaƙi! Ashe zagayen kwalbar da ruwan cikinta ke tattara zafin rana wuri ɗaya.

Na juye kifaye a baho. Na ce, "Baban Ummi, kifi yana nan daram. Gobe motar farko daga Makarfi zan bi, in sayo akwatin gilashin nan mai faɗi, mai kusurwa huɗu, kuma ba zai ga taga ba."

Hajiya ta rungumi kwalbar ta ce, "To ba ni wannan, na huta da neman ashana."