Shekarar da Kwamin Baba Ya Yi Kore

Wata Juma'a ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Baba ya dawo daga masallaci, ko babbar riga bai cire ba ya zarce bayan gida, ya tsaya a bakin kwaminsa ya riƙe ƙugu. Ruwan da ya bari garau ran Litinin ya koma kore shar kamar miyar kuka, gansakuka ta lulluɓe bango, ga wani kumfa yana taruwa a kusurwa. Ina raɓe a gindin zogale ina kallonsa. Can sai ya ce, "Sau ɗaya ya rage. In ya sake yi min haka, ƙasa zan cika shi da ita, in dasa ayaba." Na kuwa san Baba ba ya magana biyu.

Baba birkila ne. Ya yi shekaru yana gini a Kano, a can ya sa hannu a aikin wurin ninƙaya na gidan wani mai hali, abin ya zauna masa a rai. Da ya dawo gida Wurno, a ƙasar Birnin Kudu, ya tarar yayyena maza sun kwaso tsargiya a kogi suna fitsarin jini, sai ya haƙa kwamin wanka a bayan gidanmu ya ɗaure da bulo, ya shafe da siminti, yana jawo masa ruwan rijiya da injin ban-ruwa. Tsawonsa bai fi taku goma ba, zurfinsa iyakar ƙirjina. Mutanen gari suka yi ta yi masa dariya, wai Malam Idi ya gina wa kwaɗi ɗaki. Ni kuwa duk duniya ba abin da ya kai min shi. Maza ko an hana su sai sun saci jiki sun tafi kogi, amma 'ya mace ba ta da wannan damar. A kwamin nan kaɗai muke ɗaura tsohon zani mu faɗa ruwa har wuya, mu yi ihu son ranmu ba mai leƙenmu. Alhamis da Juma'a, da ba Islamiyya, ƙawayena kan cika gidanmu. A makaranta kuwa ni ce mai faɗa a ji: ni ke fara carafke, ni ake ɗebar wa gyaɗa, kuma na ji daɗin sarautar nan, ba zan ɓoye ba.

Shekara biyu ruwan yana lafiya, sai a daminar nan ya birkice. Ba abin da Baba bai gwada ba. Ya kwashe ruwan ya goge bango da burushin ƙarfe. Ya daka alif ya watsa, dauɗa ta kwanta a ƙasa, kwana huɗu kore ya dawo. Ya aika Kano aka kawo masa hodar kulorin, ya zuba da hannun mai fushi, ruwan ya yi fari kamar gasara, muka fito idanu jajur, jiki na ƙaiƙayi, zannuwanmu sun koɗe. Kakarmu ta ba da dakakken ƙwallon zogale, irin wanda take tace ruwan randa da shi. Wata maƙwabciya ta ce ai kambun baka ne, a rataya tsohon takalmi. An rataya. Gansakuka ba ta san da zaman takalmi ba.

A daminar ce kuma Inna ta ɗora min wani aiki. In an gama zuba takin zamani a gonar masara da dawa, ba a yar da buhunan. Wanke su ake yi a shanya, a adana don wake da gyaɗa in kaka ta yi. Ni aka ba wankin, aka ce in kai su famfon tuƙa-tuƙa na bakin kasuwa. Famfon da nisa, ga layi, ni kuma ga son jiki. Sai na samo dabara: da rana tsaka, in Baba yana wurin aiki, Inna na surfe, in kwashi buhunan in tsunduma cikin kwami, in tattake su ina wasa, farin garin nan ya narke ya ɓace. Har yabo nake sha wai na iya saurin aiki. Ban taɓa kawo wa raina cewa da wata alaƙa ba.

Bayan waccan Juma'ar Baba ya sake wanke kwamin tas, ni ma na sake wanke buhuna shida a ciki. Ran Laraba ya yi kore. Ran Alhamis ya kwashe ruwan, masu jakuna suka fara sauke mangalar ƙasa a bakinsa. Ana cikin haka ƙanin Inna, Kawu Sale, wanda malamin gona ne a Gwaram, ya biyo a babur. Ya tsuguna ya kankaro gansakukar da farce, ya murza, ya ce, "Yaya, ruwa fa ba ya tsami banza. Wannan abar tsiro ce kamar masara. In ka ga ta yi ƙiba haka, to wani na ba ta taki."

Baba ya ce, "Wane taki kuma a cikin siminti? Hannuna ne dai ya lalace, Sale. Tsufa ya zo."

Maganar ta doke ni sau biyu. Na gane ni ce mai ba da takin, na kuma gane duk makonnin nan Baba kansa yake zargi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Ina tsaye Baba ya ɗauki shebur, ya tura mangala ta farko, ya tura ta biyu. A ta uku ne bakina ya buɗe da kansa, na ce, "Baba, ni ce. Buhunan Inna nake wankewa a ciki." Sai kuka.

Kawu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Baba bai yi dariya ba, bai kuma dake ni ba. Ya dubi hannayensa, ya dube ni, ya miƙo min shebur ɗin da ya kusa fi na tsawo, ya ce, "To mai noman gansakuka, bismillah." Kwana biyu ina kwasar ƙasa da bokiti, tafukana suka yi kanta. A rana ta biyu ya shigo ramin muka ƙarasa tare, yana 'yar waƙarsa ta wurin gini. Ruwan da ya zuba bayan nan, da ɗan alif da kulorin cokali guda, ya zauna garau har kaka.

Yanzu a Dutse nake koyarwa. Kwamin yana nan, ya tsage ta gefe, ƙannena suna tara harawar wake a ciki. Gwiwoyin Baba ba sa kai shi bayan gida sai da sanda. 'Yata Safiya ta kai shekarun da nake a lokacin, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunta ba, in na ba ta labari sai ta ce ƙarawa nake. Da sallar bara na tambayi Baba ko da gaske zai binne shi da na yi shiru. Ya ce, "Da na binne, kuma da ban sake ɗaukar cokalin gini ba." Har yau in na tuna mangala biyun nan da na bari ya tura, sai jikina ya yi sanyi.