Harsashin da Ba a Gani

Gara in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni ne dattijon nan da aka gani a ƙofar wani shago a Gusau, da furfurata da komai, na kafa ido ɗaya a bakin bindigar tankar wasa ina leƙen harsashi, ina kiran mutumin kirki macuci. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta ya ƙare, don haka kada kowa ya yi mamaki.

Taubashina ne ya ja min. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma tun muna yawo ba wando kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne. Manomi ne a Karakkai. Da zaman ƙauye ya gagara, ya bar gonarsa da shuka a ciki ya dawo cikin Bungudu. Na taso daga Tsafe na je masa jaje, na tsaya a zaure na ce, "Bawa, taho ka karɓi takalmin ubangidanka." Ya ɗago a hankali ya ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Malam! Shekara sittin mutumin nan bai taɓa girmama ni ba. Har na koma gida kalmar tana sukata. Na ce lalle sai na nemo abin da zai sa ya sake zagina.

A cikin kayan gwanjo na tsinci tankokin yaƙi biyu na wasa, kowace kamar kwanon awo biyu a haɗe, da ɗan akwatin da ake tuƙa ta daga nesa, wanda na raɗa wa linzami. Ƙwayoyin roba suke harbawa. To an yi wa taubashina aikin yanar ido, ba zan kai masa abin da zai tsone shi ba. Aka ce in je wurin wani mai gyaran rediyo a Gusau, Kirista ne, iyayensa daga kudu suka zo amma nan aka yanke cibiyarsa, Zamfarcinsa ya fi nawa zaƙi.

Ya juya tankar, ya saurari cikinta kamar likita. Ya ce, "Baba, mi kaka so? Ta bar harbi, ko ta yi harbin da ba ya jin ciwo?"

Na ce, "Akwai irin wannan?"

Ya ce, "Samu benci."

Yini biyu na yi a kan bencin nan, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Yatsunsa kauri kamar rogo, amma waya mai sirantakar gashi yake kamawa ya ɗiga mata dalma, ɗigo ɗaya, ba ƙari. Kowane ƙusa ya kwance sai ya ajiye shi a murfin kwalba daban. Ya zare sifirin mai cilla ƙwayoyin da rumbunsu. Ya fasa wani tsohon rimot na talabijin, ya ciro ɗan ƙwan da ke goshinsa, ya zura shi cikin bututun biro ya cusa a bakin bindigar, wai don hasken ya tafi a miƙe kada ya watse. Daga gawar wata talabijin ya ciro wani baƙin abu kamar ƙwayar wake, ya ce wannan shi ne ido, ya dasa shi a ƙoƙon kan tankar. Sannan ya haɗa wani ɗan koren allo mai ƙirga harbi. Haka ya yi wa ta biyun ma. Ya faɗi sunan hasken da Turanci, harshena ya ɗauka ya yar.

Da ya gama ya ce in harba. Na danna. Ƙara ta fito, amma ko ƙura ban gani ba. Nan ne na kafa ido a bakin bindigar, na danna, na sake dannawa, duhu. Na miƙe na ce ya kwashe min kayan ciki ya bar min kwanko, na ce macuci, har masu shagon gefe suka leƙo.

Bai ɗaga murya ba. Ya kunna kyamarar wayarsa ya saita ta a bakin bindigar, ya ce, "Danna, Baba." A cikin gilashin wayar sai ga wani haske ruwan hoda yana ƙyaftawa. Na duba da idona, babu. Na duba a waya, ga shi. Ya ajiye ɗaya tankar taku goma daga nan, na harba, ta yi girgiza kamar mai zazzaɓi, fitilarta ta yi ja. A harbi na biyar ta mutu tsaye.

Ya ce, "Ka ga babu gardamar na same ka, ba ka same ni ba. Wadda aka harba ita ka ba da shaida da kanta. Amma a inuwa za ku yi, rana tana makantar da idon."

Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin. Ya yi dariya ya ce ai idona bai yi ƙarya ba, iyakarsa ke nan.

A gida na gano sauran. Uwargida ta ɗauki rimot za ta canja tasha, tankar da ke ƙarƙashin tebur ta hau rawa, ita kuma ta hau a'uziyya. Ashe idon talabijin bai manta danginsa ba, kowane rimot ya yi masa magana sai ya amsa. Na ce madalla, taubashi ya shiga uku. Ranar tafiya Bungudu na sace rimot ɗin na ɓoye a naɗin babbar rigata, bakinsa kawai a waje.

A zaurensa muka shimfiɗa fage, muka jera takalma da buta a matsayin ganuwa. Ya karɓi linzami don kunya kawai. Hannun da ya saba da ƙotar fartanya bai san ɗan maɓalli ba, tankarsa sai karo take da bango. Ban ma taɓa rimot ba na yi masa uku. Ya ajiye linzamin a tabarma ya ce, "Ka ci, Malam."

Na ce, "Saura biyu, ɗauki."

Ya ɗauka. Ni kuma na karkata bakin rimot ɗin ya dubi tawa tankar, duk ya danna nasa in danna nawa a ɓoye. Ya danna, bindigarsa tana kallon ƙofa, tawa ta yi girgiza. Ya sake, tana kallon buta, tawa ta sake girgiza. Na fara salati ina dukan cinya. A na biyar ta mutu.

Sai na ji wata dariya da na yi wata bakwai ban ji ba. Ya ce, "Kai, wanga ragon bawa! Ko kaza ba ka iya kora, kaka son yaƙi da ni? Tashi ka tada gawarka!" Muka yi zagaye shida. Ya zagi tuƙina, ya zagi hulata, ya tuno min ranar da jaki ya kayar da ni a kasuwar Kucheri. Kafin na huɗu ya fara gane linzamin da gaske, biyu daga cikin harbin nasa ne halak malak. Ni dai duk na sha kashi, ban taɓa jin daɗin kashi irin na ranar ba.

Bayan la'asar ya rako ni tasha don in kama hanya da sauran rana. Na shiga mota, ya dafa taga, bai dube ni ba, titi yake kallo. Ya ce, "Mako mai zuwa ka bar wa matarka rimot ɗinta. Gona aka raba ni da ita, ba ido ba."