Haƙoran Inna a Jikin Bitirut

Ranar da asirin Inna Mai Girki ya tonu, shaidu ashirin da uku ne a wurin, kuma babu wanda ya cika shekara biyar a cikinsu. Tana tsaye a gaban ajin makarantar renon yara inda take dafa abincin rana, riƙe da wani jan abu mai kama da albasar da ta yi fushi, wai shi bitirut. Shugabar makarantar ce ta sayo, ta ce lokaci ya yi da yara za su saba da sababbin kayan lambu, Inna ta fara ci a gabansu su ga ba ya kisa. Inna ba ta taɓa ganinsa ba, amma ita a harkar girki tambayar ta ake yi, ba ta tambayar kowa. Ta fere shi ɗanye, ta saki murmushin nan da duk layinmu ya sani, ta kafa masa haƙora.

Da ta janye hannu, bitirut ya biyo hannu, haƙoran sama kuma suka biyo bitirut, reras da su har da wushiryar. Jan ruwa yana bin haɓarta. Sai wata yarinya mai kitso biyu ta tsala ihu, sauran suka kama mata. Uku suka shige ƙarƙashin tebur, ɗaya ya jiƙa wando. Inna ta so ta ce musu ba jini ba ne, amma iska kawai ta fito.

Shekara goma sha ɗaya unguwa tana yabon haƙoran nan, Inna tana cewa gadon gidansu ne. Ashe nata na ainihi sun tafi tun tana sayar da abinci a tashar mota, lokacin da bakinta ne mabuɗin kwalbar lemo, shi ne kuma mafasar ƙashi. Babban ɗanta ne ya kai ta wani gari aka yi mata sababbi, ta dawo tana cewa maganin ciwon baya ta je. Wushiryar ma ita ta sa aka buɗa mata, don tun tana budurwa take sha'awa. Da waɗannan haƙoran ta kori mai gyaran rediyo da ya zo neman aurenta bayan rasuwar mijinta, wai ba za ta zauna da namijin da ke tsotsar nama ba.

Kicin ɗin makarantar bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba: murhun gas mai kai biyu, taga ɗaya, da tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki. Amma Inna ba ta da wurin da ya fi shi. 'Ya'yanta sun watse, gidanta agogo ne kawai ke magana, hayaniyar yaran nan ce ke tayar da ita da safe.

To, daga ranar yara suka ɗaura yaƙi da duk wani abu mai launi. Ko tumatir suka hango a cikin shinkafa sai su toshe baki da hannu biyu. Malamarsu ta ce ganye yana sa ƙarfi, wani ya ce ai Inna ta ci, sun ga ƙarfin. Shugaba ta kira Inna ofis, ta ce iyaye suna ta waya. In wata ya ƙare faranti suna dawowa a cike, akwai wata matashiya mai kawo abinci a kula, da ita za a ci gaba.

Babu dabarar da Inna ba ta gwada ba. Ta yanka karas kamar taurari, suka jera su a taga. Ta niƙa koren wake ta ɓoye a cikin taliya, suka shinshina suka ture, sai ka ce 'yan kwastan. Ta yi waƙa har da rawa, suka tafa mata, ba su ci ba. Duk wannan kuwa tana yi ne leɓe a matse, don tun ranar ba ta ƙara dariya a gaban mutum ba.

Saura sati uku, tana kankare tukunya, sai ga wani da take kira Lukuti ya leƙo ƙofar kicin. Shi ne shugaban 'yan tawayen, biredi kawai yake ci.

"Inna, sake cirewa in gani."

Har ta ɗaga ludayi. Sai idonta ya faɗa kan farantin koren waken da aka dawo da shi ko taɓawa ba a yi ba. Ta dubi waken, ta dubi yaron, ta yi tunanin gidanta da agogonsa. Ta ce ya cinye guda ɗaya tukuna. Lukuti ya tauna yana yamutsa fuska kamar an ba shi allura ta baki, ya haɗiye, ya buɗe bakin ta duba. Inna ta tura ƙofa da ƙafa, ta sa harshe, ƙwas, haƙoran suka fito. Yaro ya yi dariya har ya zauna a cikin bokitin wanke-wanke.

Washegari layi ta tarar a ƙofar kicin. Nan take ta yanka farashi. Koren wake, za ta turo haƙoran da harshe ta mayar. Farin kabeji, na sama za su fito. Wanda ya ci bitirut kuwa, yanzu da ta gane dafa shi ake yi, sama da ƙasa za ta riƙe a hannu su gaishe shi da sunansa. Yarinyar nan mai kitso biyu ta kwana huɗu tana leƙe ta tsakanin yatsu, a na biyar ta cinye nata ta ƙara da na ƙawarta. Kafin wata ya ƙare wasu sun manta da kallon, ƙari kawai suke nema.

Ranar ƙarshen wata aka sake kiran Inna ofis. Maman Lukuti ce zaune, ma'aikaciyar banki, tabarau a goshi, tana huci. Wai jiya maigidan mijinta na wurin aiki ya zo cin abinci, dattijo mai mutunci. Yaro ya share kabejin da ke farantinsa, ya zagaya ya tsaya gaban baƙon ya ce to, cire. Da bawan Allah bai gane ba, sai ya zura masa hannu a baki don ya taimaka masa. Ta ce ko a sallami matar nan yau, ko ta ɗauke ɗanta.

Shugaba ta daɗe tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, kafaɗunta suna rawa don danne dariya. Da ta samu murya, ta tambaya ko ta ji daidai, ya share farantin? Maman Lukuti ta ce ya share, amma ba maganar da ta kawo ta ba ke nan. Shugaba ta ce ita kam maganar da ta ɗauki Inna aiki a kai ke nan, saboda haka Inna tana nan, sai dai za a ja wa yara kunne su bar bakin baƙi.

Matar ta miƙe, ta saɓa jaka, ta tsaya a kan Inna.

"Tsofai-tsofai da ke, Inna, ko kunya ba kya ji?"

Inna ta yi murmushi, wushirya a waje.

"'Yata, ke da haƙoranki talatin da biyu shekara huɗu kin kasa sa shi cin ganye ɗaya. Ni da ba ni da ko guda, sati uku ya ishe ni. In kina so, gobe in raka ki wurin mai cirewa."