Manzo Mai Awon Jini, Wanda Ya Yi Gudun Galma

Tun ana fitowa daga sallar asuba Malam Manzo yake buɗe ɗakin awo na gidan likita a Madawa. Ya wanke kwalabe, ya goge madubin awo, sannan ya ce mai jini ya miƙo hannu. Shekara ashirin da shida yana haka, sai bana, 1988, ya ajiye aiki. Mutum ne mai taurin kai, kuma wallahi taurin kan nan nake yi wa jinjina.

A shekarar 1983 wani manomi daga Urno, Almu, ya zo awon lafiya don shiga soja. Gonarsu ta ƙi bayarwa damina biyu, gidansu kaf shi ake kallo. Da awon jini ya fito, alamar hanta ta hau sama ƙwarai. Dogotoro, wato babban likita, ya ce ciwon hanta ne, a cire sunansa.

Manzo ya dubi Almu, ido fari tas, jiki kamar icen gawo. Ya ce, "Ɗan'uwa, mi kay yi jiya?"

"Mota ta lalace muna a hanya, Malam. Da gudu nit taho, kar a ruhe ban iso ba."

Manzo ya koma wurin dogotoro ya ce gudun ne ya tayar da awon, a bar mutumin ya huta mako guda a sake. Dogotoro ya ce shi da takarda yake aiki, kuma ran Jumma'a ta sama za a aika sunaye birnin Tawa.

Ran Asabar Manzo ya ɗebi jinin kansa, ya auna, lafiya lau. Ran Lahadi ya ɗaure wando, da tumbinsa da shekarunsa arba'in da biyar, ya kama hanyar garin Galma da gudu. Matan da ke bakin rijiya suka saki guga suna dariya. Matarsa Aminatu ta ce, "Malam, in ka hwaɗi can, wa za ya ɗauko ka?" Ya je, ya dawo yana jan ƙafa.

Litinin da safe ya sake ɗibar jininsa a gaban dogotoro. Alamar hanta ta hau, kusan ta Almu. Ya ajiye takardun biyu a tebur ya ce, "To, ni ma a sallame ni."

Dogotoro ya duba takardun, sannan ya ce a kira Almu ran Alhamis. Awon ya sauko daidai, sunansa ya tafi Tawa.

Malam Manzo, kai ne ka ƙi yarda takarda ta kori mai lafiya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku da kuka gaje shi a ɗakin awo, kafin ku yanke wa mutum hukunci, ku tambaye shi yadda ya iso gare ku.