Hannun da Ke Yanke Waƙar Shankrappa

Duk wanda ya saba hawa motar Dharwad zuwa Hubli a da ya san Shankrappa kwandasta, mai yanka tikiti yana waƙa, har wani fasinjan ya wuce tasharsa da gangan don ya ji ƙarshen baiti. Ya yi ritaya da mataccen kunnen hagu, ƙarar inji ta cinye shi, amma murya tana nan daram. Ita ce kuwa ake shirin taɓawa. Likita ya ga wani ɗan tsiro a maƙogwaronsa, ya ce cirewa ba wuya, sai dai bai yi alkawarin muryar za ta dawo yadda take ba.

Wuƙar likita ba ta dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat waƙa ɗaya ce ta safiya, wadda marigayi malaminsa ya tsara ya zuba masa baki da baki, kuma duk duniya ba ta da wurin zama sai wannan maƙogwaron.

'Yarsa Sumangala, ma'aikaciyar jinya a Pune, ta yi waƙa tana ƙarama kafin aiki ya rufe ta. Da ta zo gida ta sa masa manhajar koyon waƙa a waya, ta kawo abin kunne na sauraro mara igiya, nasa da nata iri ɗaya. Manhajar na kunna amon tanpura, wani irin molo, kai ka rera, ita ta naɗi muryarka, ta zana hawa da saukarta, ta rubuta sunayen amon, sa re ga ma, a ƙasa, mai koyo ya bi sawu. "Appa, ka rera kawai ka turo, sauran nawa ne," ta ce wa uban nata, ta koma bakin aiki.

Abu ya yi kyau har baitin ƙarshe, inda mai tsara waƙa kan saka laƙabinsa. Na malamin shi ne Tungadas. Kullum da safe Shankrappa zai yi wanka, ya zauna a tabarma, ya rera har tattabarun soro su yi shiru, amma in ya duba sai ya tarar naɗin ya tsaya cak gab da sunan.

"Wannan abu ba shi da tarbiyya," ya ce wa matarsa Nilavva, wadda ke tafa gurasar dawa a bakin murhu. "Komai yana ɗauka, da na zo sunan malam sai ya ɗauke wuta."

"Kai ma mutum nawa ka sauke a tsakiyar hanya? Yau an rama musu."

"Marasa tikiti na sauke."

"To wataƙila malamin naka ma bai yanka ba."

Ya harare ta, amma dariya ta ci ƙarfinsa. Daga baya damuwar ta dawo masa, don ranar asibiti tana matsowa, kuma waƙa babu sunan mai ita a wurinsa sata ce.

Washegari Nilavva ta bar gurasar ta zuba masa ido. Da ya iso sunan, hannunsa na dama ya tashi da kansa ya kama kunne, kamar yadda kowane ɗalibin kirki ke yi in zai ambaci malaminsa. Ɗan abin kunnen kuwa taɓawa ɗaya yake jira ya tsayar da komai.

"Maigida, ga ɓarawon nan a jikinka," ta ce. "Hannunka ne."

Ya sake gwadawa yana sane, hannun ya ƙi jin magana. Mayar da abin zuwa kunnen hagu kuma ba amfani, can ko tsawa ba ta shiga.

"Ba zan iya kiran sunansa hannu a ƙasa ba," ya ce. "Da wane ido zan kalle shi?"

Ta goge gari a gefen sarinta, ta zauna kusa da shi, ta danne hannun a cinyarta. "Tun ina amarya waƙarsa ke tashina daga barci, ko ina so ko ba na so. Ni ma ɗalibarsa ce ta dole. Rera, ni zan kama masa kunne."

Ya rera. Ta kama nata kunnen, zanen muryar ya haye sunan lafiya lau ya sauka a kan amon "sa". Daɗi ya kama Shankrappa har ya saurari naɗin sau ba adadi, ya tura Pune, ya aika a sayo alewar madara ta peda aka raba wa maƙwabta. Gurasar da ke kan kasko dai ta ƙone ƙurmus.

Ana jibi za a shiga asibiti Sumangala ta kira.

"Appa, na haddace, amma wayata ta samu matsala. Duk lokacin da na naɗi nawa don ka ji, da na zo Tungadas sai ya yanke."

Nilavva ta faɗa jikin bango don dariya. Shankrappa ya buɗe baki zai yi bayani, sai hawaye suka zubo masa. Ashe ita ma hannunta na tashi ya kama kunne a sunan malam.

"Wayarki lafiyarta ƙalau, 'yata," ya ce da ƙyar. "Kada ki gyara komai."