Man Arnika da Shanun Huɗata

Tun ina saurayi nake bin garmar shanu a gonakin Toranke, tawa da na mutane. Duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san inda take cin mutum: ƙugu da kafaɗa. Da can in na kwanta da gajiya sai in tashi garau. Yanzu kuwa ciwon riga ni tashi yake yi. Ruku'u ma sai na dafa gwiwa na lallaɓa ƙugun kafin in ɗago.

Babban ɗana shi ya fara kawo maganar. Magidanci ne, yana tuƙa adaidaita sahu ta wani mutum tsakanin Gaya da Kademi, kuma ya daɗe yana son tasa ta kansa. Ya same ni ina zuba wa shanu harawa, ya tsuguna ya ce, "Baba, a sayar da shanun nan a sayi adaidaita. Kai ka huta, ni in riƙa kawo cefane."

Na ce, "Hutun me? In hau dakali ina korar ƙuda, ina jiran ka dawo ka ba ni na goro?"

Bijimai biyu ne, fari da ja, ni na hore su da hannuna. Saboda su ne mutane suke yi mini sallama da zarar ruwan shuka ya sauka. Ranar da suka bar turkena, na zama tsohon da ake gaisarwa a wuce. Shi ya sa na daina nishi a gaban yaron nan. In zan tashi daga tabarma sai na bari ya juya baya.

Ana haka, wata ranar kasuwa a Gaya na tsaya wajen wani mai sayar da magunguna da lasifika a saman mota. Ban saba tsayawa wurinsu ba, don bakinsu ya fi maganinsu ƙarfi. Shi ya lura da yadda nake tafiya a karkace, ya miƙo mini wani ɗan gwangwani mai hoton fure rawaya. Ya ce sunansa man arnika, daga wani tsiro na ƙasar Turawa ake yin sa, ba irin man zafin nan ba ne da ke sa mutum hawaye. Na shinshina, ba shi da wari mai tona asiri. Abin da ya sa na saya ke nan.

Mai ɗakina ce take shafa mini safe da yamma. Ban ce ya warkar da ni ba. Amma ƙugun ya saki, na koma ɗaga buhun dusa ba tare da na cije leɓe ba. Ko man ne, ko hannunta ne, Allah ne masani. In ya ƙare sai in koma Gaya in sayo wani, in zura a aljihu kamar kayan sata.

To, ni kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, sai wanzami ya yi mini ƙaho a gadon baya, a fitar da mataccen jini. Haka na tashi na ga ubana yana yi. Kuma mu a wajenmu, in an yi tsaga, nan ake goga magani don ya shiga jiki sosai. Da na dawo gida da tsagar ɗanya, sai na yi tunani: man da yake wannan aiki ta saman fata, ina ga an buɗe masa ƙofa?

Mai ɗakina ta ce, "Malam, a bari tsagar ta kame mana."

Na ce, "Ke dai shafa. Cika hannu."

Ta shafa tana tsaki ƙasa-ƙasa. Washegari bayana ya kumbura, ya yi bororo, ruwa na tsattsafowa, ga ƙaiƙayi kamar na kwanta a masussukar gero. Riga ma ta gagara. Babu yadda za a ɓoye wannan. Ɗan nawa ya ɗauke ni a adaidaita zuwa wani kemis a Ajingi, ina zaune a ɗofane, ban jingina ba. Mai kemis ya duba gwangwanin, ya duba bayana, ya ce, "Haba Baba! Ai wannan ba a sa shi a kan rauni. Sai fata lafiyayya." Ya wanke wurin, ya ba ni magani, ya ce in kwanta rub da ciki har ya bushe. A hanyar dawowa yaron nan tuƙinsa kawai ya sa a gaba har muka iso gida. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ina kwance a zaure ruwa ya sauka. Ina jin ƙamshin ƙasa, ina jin ana wucewa da shanun wasu. Waɗanda suka saba kirana suna leƙowa, su ce "Allah ya ƙara sauƙi," su tafi neman wani mai garma.

Wata safiya sai na ji baƙuwar murya a wajen turke, da ƙarar tafi a gadon bayan bijimi. Na san wannan tafin, na dillalin shanu ne. Na dafa bango na miƙe, ban ko nemi riga ba. Na tarar da wani mai babbar riga ya buɗe bakin jan bijimin yana duba haƙora, ɗana na tsaye gefe.

Dillalin ya ce, "A'a, Malam, ashe kana tashi? Ni an ce mini sai dai a juya ka."

Na ce, "Alhaji, wanda ya gaya maka haka, shi za ka taya. Cire hannunka daga bakin bijimina."

Ya yi dariya ya ja baya. Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, dubawa kawai ya zo yi. Ka dubi bayanka fa. Ka kusa halaka kanka da man bakin kasuwa."

Na ce, "Man bai yi komai ba. An sa shi inda ba a sawa, kuma a jikina aka sa, ba a jikin wani ba. Bayan nan nawa ne, shanun nan nawa ne. Ranar da kuka kai ni makwancina, ku sayar har da turken."

Na sunkuya na ɗauko karkiya. Wallahi sai da na ga duhu-duhu, na ji ɓawon ciwon yana tsagewa. Mai ɗakina ta fito, ta riƙe mini igiyar farin har na ɗaura. Dillalin ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Yaro, ubanka bai shirya ba. Ni ina da kasuwa." Ya hau babur ɗinsa.

Na kora su gona tsirara daga ƙugu zuwa sama, ƙudaje na bina. Ba mai ja mini a gaba, don haka kunyar farko ta fito a karkace kamar tafiyar maciji. Ta biyu ban kai ƙarshenta ba na tsaya ina haki, na kifa kai a kan garma. Da na ɗago, sai ga ɗan nawa a bakin gona, ya bar adaidaitar a hanya. Ya daɗe yana kallona. Can ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya zo ya kama igiyar gaba.

Ya ce, "Bana kaɗai, Baba."

Na ce, "Ja mu je, ƙasa tana bushewa."